Da Hotona Aka Damfari Taubashiyata

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, haifaffiyar cikin birnin Kano, yanzu ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi da maigidana da 'ya'yanmu huɗu. Sana'ata sayar da atamfa da leshi a cikin gida. In saro a Kantin Kwari, in ɗora a sitatus, mata su zaɓa, wasu su biya nan take, wasu sai ƙarshen wata. Na sakaya sunana, amma abin da ya faru zan faɗe shi yadda yake, domin har yanzu hotona yana yawo a wayoyin mutane, ɗauke da maganar da bakina bai taɓa furtawa ba.

Mu a gidanmu jiki gado ne. Lokacin da muke 'yan mata ba a ɗauki ƙiba a bakin matsala ba. Amarya in ta kwana biyu a ɗakinta ba ta murje ba, dangi ne za su fara tambaya ko lafiya. Na san ƙawayen da suka sha "sha ka fashe" don su ciko kafin biki. Ni ban taɓa buƙatarsa ba, jikin da kansa ya zo, kuma kowace haihuwa sai ta bar mini nata. Bayan ta huɗu, da kunun kanwa da gasasshen naman jego da zaman wuri ɗaya, sikeli ya haura kilo 100. Gwiwoyina suka fara ciwo. Sujada ta koma sai da haki. Ranar da na hau benen wani shago a Kwari na ga duhu-duhu, maigida ya ce ba sauran jira, muka nufi Asibitin Malam Aminu Kano. Aka ce jinina ya hau, suga kuma yana bakin iyaka.

Likita ya ɗora ni a kan maganin hawan jini, ya tura ni wajen wata ma'aikaciya mai kula da tsarin cin abinci. Matar nan ba ta ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Tambaya ta yi ta yi mini: malmala nawa kike ci da dare, cokali nawa na sukari a shayi, lemon kwalba nawa a rana, da wane mai kike suya. Ta ce in mayar da tuwo malmala ɗaya, in cika sauran kwanon da miyar ganye, zogale ko rama ko alayyafo, in riƙa cin wake da kifi, in rabu da lemon kwalba kwata-kwata, in riƙa tafiyar ƙafa bayan sallar Asuba. Ta kuma gaya mini wata magana da na riƙe: ragewar da jiki ke ɗauka lafiya ita ce rabin kilo zuwa kilo 1 a mako, wani makon ma ba za a ga komai ba, kada in karaya.

Abin ba sauƙi. Gidan biki shi ne babban gwaji, a ajiye miki faranti shaƙe da shinkafa da soyayyen kaza da zoɓo mai sanyi, ki ce kaɗan za ki ci, a hau yi miki tsiya wai kina son komawa budurwa. A watan azumi ƙosai da kunun tsamiya sun sha mayar da ni baya. Haka na yi ta faɗi-tashi daga 2022, sai da aka shafe fiye da shekara kafin na zubar da kusan kilo 20. Ciwon gwiwa ya lafa, likita ya rage mini magani. Da Babbar Sallah ta 2023 na ɗauki hoto da sabon ɗinki, na haɗa shi da wani tsohon hoto na bikin ƙanena, na ɗora a sitatus da zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare, na rubuta Alhamdulillah. Aka yi ta yi mini barka. Iyakar abin da ya haɗa ni da hotunan ke nan.

Ina da taubashiya, 'yar Gwaggona, wadda na girma da 'yan shekaru. Tana aure a Rijiyar Zaki. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai an yi tsiya, ta ce ni baiwarta ce, in ce kuɗin shara na nan ina bin ta. Ita ma mai jiki ce, ita ma tana da hawan jini tun cikinta na biyu. A farkon 2024 maganar ƙarin auren mijinta ta taso. Ya yi mata bayani da mutunci, ya yi mata kayan faɗar kishiya, amma wadda zai auro siririya ce, kuma bakin mutane bai bar ta ta huta ba. A lokacin na lura ta ja baya da ni. In na kira, gaisuwa a gajarce. Na ɗauka zafin kishi ne ke damunta, na ƙyale ta ta huce.

Wani dare bayan Isha mijinta ya kira ni. Ya ce, "Yaya, ki zo, 'yar'uwarki ta faɗi a banɗaki, muna asibiti." Na tari Adaidaita Sahu na tafi. Na same ta kwance ana yi mata ƙarin ruwa, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, idanunta sun faɗa, hannunta na rawa a kan zanin gado. Gwaggo na zaune a gefen ƙafafunta tana jan carbi. Da na yi sallama, taubashiyata ta kau da kai ta fuskanci bango. Na zauna na kama hannunta, na ce sannu. Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, ke ma haka ya riƙa yi miki?"

Na ce, "Me?"

Ta ce, "Maganin."

Na ce wane magani. Sai ta juyo ta dube ni da wani irin kallo da ban taɓa gani a idonta ba. Ta ce, "Yaya, ya isa haka. Na gani da idona. Kin ɓoye mini, kin ce tuwo kika rage, ashe magani kika sha, har talla kika yi musu. Ni ce ba ki so in rage." Ta laluba ƙarƙashin matashi ta miƙo mini wayarta.

Ni ce. Hotunan nan guda biyu ne, an jera su gefe da gefe. A na farkon an ja hoton an faɗaɗa ni, har fuskata ta baje fiye da yadda take. An yanke 'yata da ke tsaye kusa da ni, amma an bar hannunta a kan kafaɗata, yatsu huɗu da lallen biki, babu mai hannun. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe ja: "Hajiya daga Kano ta zubar da kilo 25 cikin kwana 30, ba motsa jiki, ba barin tuwo." A ƙasa kuma ga maganar da aka ce tawa ce, wai na gode wa wannan shayi da kafso, mijina har ya fasa ƙarin aure. Wannan layin ne ya kama ta. Wanda ya rubuta shi ya san inda ke yi wa mata ciwo, kuma da gangan ya taɓa wurin.

A saman hotunan akwai bidiyo. Wata fitacciyar jarumar Kannywood ce, wadda kowane gida a Kano ya san fuskarta, tana zaune a kujera tana cewa ita ma da wannan magani ta rage tumbi, kuma ta amince da shi ɗari bisa ɗari. A gefe an manna tambarin wata kafar labarai, sai ka ɗauka rahoto ne. Taubashiyata ta ce, "Na ga jaruma, na ga ke. Gani ya kori ji. Wa kuma zan tambaya?"

Na rantse mata da Allah a gaban mahaifiyarta cewa ban taɓa ganin maganin nan ba, ban san masu shi ba, ba wanda ya nemi izinina. Gwaggo ce ta fara yarda. Ita sai da ta ga ina kuka sannan jikinta ya yi sanyi, ta ba ni labarin tun daga farko.

Tana duba wayarta ne tallar ta faɗo mata. Ta danna, aka kai ta WhatsApp. Wata mai kiran kanta "Dakta" ta karɓe ta da fara'a, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ta tambayi nauyinta da shekarunta. Taubashiyata ta gaya mata tana da hawan jini. Aka ce babu komai, ai ganye ne zalla, har hawan jinin yake warkarwa. Aka ce kuɗinsa naira 70,000 ne, amma akwai rangwame na ranar kaɗai, ta biya 38,000, kuma saura mutum uku a rufe. Ta cire daga kuɗin adashen da take riƙe wa matan unguwa, da niyyar ta mayar. Lambar asusun da aka ba ta ba ta kamfani ba ce, sunan wani namiji ne ya fito. Da ta yi magana aka ce akawun manaja ne. Bayan kwana biyu wani yaro ya kawo kayan a baƙar leda, ya ce shi ma a tasha aka ba shi.

Daga daren farko gudawa ta ɓalle. Sai yawan fitsari, sai bushewar baki, sai bugun zuciya da rashin barci. Ta rubuta wa "Dakta". Aka ce ta yi murna, kitse ne ke narkewa yana fita, ta ƙara yawan shayin. Ta hau sikeli ta ga kilo 3 sun tafi, ta ƙara sakankancewa. Aka ce yanzu sai "mataki na biyu" wanda zai hana kitsen dawowa, naira 55,000. Ta sake taɓa adashe. Aka kuma ce ta dakatar da maganin asibiti don kada ya yi karo da nasu. Ta dakatar. Wannan ne abin da har gobe in na tuna nake jin zuciyata na tafasa. Cin kuɗin mutum daban, sa mai hawan jini ta ajiye maganinta kuma wasa da rai ne, kuma sun sani.

Da safe likitan da ke duba ta ya zo da sakamakon gwajin jini. Ya ce ruwan jikinta ya ƙare, sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa sosai, shi ne ya sa zuciyar ke bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ƙodarta kuma ta wahala, amma an zo a kan lokaci. Ya karɓi kwalbar kafson da kwalin shayin ya jujjuya. Ya ce irin waɗannan kaya yawanci abu uku ake cusawa a ciki: mai sa gudawa, mai sa fitsari, da mai kashe sha'awar abinci. Ya ambaci wani magani, sibutramine, wanda aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yanzu hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban suna kama shi ɓoye a cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "na ganye". Game da kilo ukun da ta gani, ya ce tulu ne aka zubar da ruwansa, tulun na nan yadda yake.

Yana cikin bayani Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauki jakar shayi ɗaya, ta yage ta da haƙori, ta zuba a tafin hannunta. Ta murza, ta shinshina, ta ɗanɗana da bakin harshe. Ta ce, "Likita, wannan ai filasko ne." Ta juya ga 'yarta ta ce, "Filaskon da ake auna miki na ɗari biyu a Kasuwar Kurmi, shi kika saya dubu talatin da takwas?" Likitan ya ce Hajiya ta yi gaskiya, ganyen filasko da danginsa su ne ƙashin bayan yawancin shayin rage tumbi, kuma ko a asibiti in an ba da irinsa don taurin bayan gida, na ɗan lokaci ne, ba a ɗorewa a kansa.

Ɗan yayata ya karanci harhaɗa magunguna, yana aiki a wani famasi a Titin Gidan Zoo. Shi na kai wa kwalbar da wayar. Abin da ya nuna mini a ranar shi ne nake so mata su sani, don haka zan tsaya a kansa.

Ya fara da lissafi. Ya ce, "Anti, kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Mace baliga tana ƙona kusan 2,000 a yini. Ko ta daina cin komai kwata-kwata, sai ta kusa kwana huɗu kafin kilo ɗaya na kitse ya tafi. To kilo 25 a kwana 30 daga ina?" Ya ce duk tallar da ta yi alƙawarin lamba babba cikin kwanaki kaɗan, ba tare da canza ci ba, ba sai an duba kwalbar ba ma.

Sannan ya duba kwalbar. Babu adireshin masana'anta, sai sunan ƙasa kawai. Babu lambar rukunin da aka sarrafa. Ranar lalacewa da sitika aka manna ta. Jerin abubuwan da ke ciki kalmomi ne masu daɗi, ba a faɗi yawan ko ɗaya ba. Akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma ita ce ta kwantar wa taubashiyata da hankali tun farko. Ya buɗe Greenbook, rumbun da hukumar ke ajiye sunayen kayan da ta yi wa rajista a intanet, ya saka lambar da sunan maganin, babu shi babu alamarsa. Ya ce buga lamba a jikin kwali aikin kowane mai injin ɗab'i ne. Ya ƙara da cewa ko magungunan gargajiyar da hukumar ta ba wa lamba da gaske, waɗanda lambarsu ke ƙarewa da harafin L, abin da aka duba shi ne rashin cutarwarsu, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ni da na yi shekaru ina ganin lambar nan ina ɗaukarta hatimin cewa magani yana aiki, ranar na ji bambancin.

Bidiyon ya fi ɗaukar mana lokaci. Ya rage masa gudu, ya ce in kalli bakin jarumar kawai. Leɓɓan suna motsi, amma kumatu da haɓa ba sa bin su, kuma gefen bakin yana ɗan dusashewa duk sanda ta furta harafin da ke haɗe leɓe. Ya ce in rufe ido in saurara. Muryarta ce, amma a miƙe take, babu hawa babu sauka, babu jan numfashi, babu dariyar nan tata da kowa ya sani. Inda za ta ce ƙiba, kiba ake ji. Hausar ma ba irin ta bakin mutum ba ce, an ce "rasa nauyi" a inda kowace Bakanuwa za ta ce rage ƙiba. Tun daga farko har ƙarshe ba ta riƙe kwalbar ba, ba ta kalle ta ba, hoton kwalbar liƙa shi aka yi a kusurwa. Ya nemo asalin bidiyon, wata tsohuwar hira ce da aka yi da ita a kan sana'arta, kaya iri ɗaya, kujera iri ɗaya, babu maganar magani ko sau ɗaya. Ya buɗe shafinta na gaskiya mai alamar tantancewa, babu tallar. Ya buɗe shafin kafar labaran da aka manna tambarinta, babu rahoton.

Ya ce da manhajar ƙirƙirarriyar basira ake yin wannan, 'yan daƙiƙoƙi na muryar mutum sun isa a sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba. Kuma ba a kanmu aka fara ba. A 2022 fitacciyar mai shirin talabijin Oprah Winfrey ta Amurka sai da ta fito da kanta ta ce ba ta da alaƙa da alewar rage ƙiba da ake sayarwa da sunanta da hotonta. A 2023 ɗan fim Tom Hanks ya yi irin wannan gargaɗi a kan wata tallar kula da haƙori da aka ƙirƙiri fuskarsa a ciki. A nan gida an yi wa Aliko Dangote bidiyon ƙarya yana kiran mutane su zuba kuɗi a wata harka, an yi wa masu karanta labarai a talabijin suna tallar maganin hawan jini. In waɗannan ba su tsira ba, ina ga mai sayar da atamfa a Gyaɗi-Gyaɗi.

Shafin da ya ɗora tallar kuwa bai fi 'yan watanni da buɗewa ba, kuma an taɓa canza masa suna. Yabon da ke ƙarƙashi duk salo ɗaya ne, "na gode Dakta, na karɓi nawa," daga shafukan da ba su da abokai ba su da tarihi.

Ɗan yayata ya ce mu gwada su. Ya rubuta musu daga wayarsa a matsayin mai saya wa matarsa, ya tambaya ko matar da ke hoton da gaske take. Nan da nan aka amsa: kwastomarmu ce ta Kano, ga ma muryarta. Aka turo saƙon murya. Ina zaune a kan benci a bayan kanta na ji wata mata da ban sani ba tana cewa ita ce ni, tana ba da labarin yadda mijinta ya dawo yana ji da ita. Jikina ya ɗauki rawa. Na karɓi wayar na danna na ce, "Ni ce mai hoton nan. 'Yar'uwata na kwance a asibiti saboda ku. Ku ji tsoron Allah." Saƙon ya shiga, an saurara, sai hoton "Dakta" ya ɓace. Sun toshe mu.

Abin da ya biyo baya a gidana bai yi mini sauƙi ba. Maigida mutum ne mai kishin iyalinsa. Da ya ga hoton matarsa yana yawo, da maganar aurensa a ƙasa, sai da ya kwana bai ci abinci ba. Bai zarge ni ba, amma abokansa a majalisa sun riga sun gani, wani har ya yi masa barkwancin ashe shi ne wanda ya fasa. Surukata ta aiko a kira ni, ta ce, "'Yar nan, nawa suka ba ki da za ki sayar da mutuncin gidan nan?" Sai da ɗanta ya zaunar da ita ya nuna mata bidiyon asali da na ƙarya gefe da gefe. Wasu kwastomomina suka daina sayen atamfa, sun ɗauka da ni ake cin kuɗin. Wasu kuma, kuma waɗannan sun fi tayar mini da hankali, kira suke yi suna roƙo in taimaka in haɗa su da "Dakta" a yi musu ragi. Wata da na ce mata ƙarya ne, cewa ta yi baƙin ciki nake mata.

Mun yi abin da za mu iya. Mijin taubashiyata ya kai ƙorafi bankinsa da wajen 'yan sanda, da hotunan hirar da shaidar tura kuɗin, amma kuɗin tun ranar da suka shiga aka kwashe su daga asusun. Kwalbar da sauran shayin mun miƙa su ofishin NAFDAC na Kano, ɗan yayata kuma ya shigar da rahoton illar da maganin ya yi ta manhajar Med Safety. Na roƙi 'yan ajinmu da matan Islamiyyarmu kowa ta shiga ta kai ƙarar shafin, aka taru aka yi, aka sauke shi. Ba a jima ba ya dawo da sabon suna da sabuwar kwalba, jarumar ma an canza, an sa wata mawaƙiya. Hotona ne kawai ba a canza ba.

Taubashiyata ta warke, Alhamdulillah, ƙodarta ta dawo daidai, ta koma kan maganin hawan jininta. Kilo ukun sun dawo tun kafin a sallame ta. Kuɗin adashe, naira 93,000, sai da ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta cike. An yi auren, amarya ta tare, suna zaune lafiya daidai gwargwado. Na raka ta wajen matar nan mai tsarin abinci, yanzu tana kan nata faɗi-tashin, a hankali. Tsiyar taubasantaka ta dawo tsakaninmu, amma ta taɓa ce mini abin da ya fi yi mata ciwo ba kuɗin ba ne, watannin da ta yi tana riƙe da ni a zuciya ne a kan laifin da ban yi ba.

Yanzu salon ya fara sauyawa. Ana tallar allurar rage ƙiba a zaurukan mata, ana kiran sunan Ozempic, ana cewa daga waje aka kawo. Ɗan yayata ya ce maganin na gaske yana nan, don masu ciwon suga aka yi shi, likita ne ke rubutawa, kuma a firiji ake ajiye shi. Ya ce a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an gano jabunsa a Birazil da Birtaniya da Amurka. Abin da aka yi jabunsa a can, wa zai tsaya wa wanda aka miƙo a leda daga tasha, cikin zafin Kano? Kwanan baya wata maƙwabciyarmu ta kawo mini irin wannan talla, na haɗa ta da shi, amma ta riga ta tura rabin kuɗin.

Don haka nake sanarwa a nan. Duk wadda ta ga hoton wata mata da leshi ruwan goro, da hannun yarinya mai lalle a kafaɗarta, kusa da wani hoton matar da atamfa shuɗiya, ni ce. Ban sha shayinsu ba, ban haɗiyi kafsonsu ba, ba su ba ni ko kwabo ba, muryar da za su turo miki ba tawa ba ce, kuma mijina bai taɓa neman ƙarin auren da zai fasa ba. In kin riga kin saya, ki dakata da sha, ki ɗauki kwalbar ki kai wa likita ko mai famasi ya gani. In kuma suka ce ki ajiye maganin asibitinki, kada ki ajiye.